Zogale: Daga Shuka da Datsa Zuwa Sarrafa Ganye da Iri

Abu biyu ne suka fi hana mutane cin moriyar zogale a gida da lambu: ruwan da ke kwanciya a gindinsa, da tausayin da ke hana a datse shi. Bishiyar tana jure fari da zafin bazara, tana rayuwa a ƙasar da wasu itatuwa ba sa kamawa, amma kwana uku a cikin taɓo ya isa ya ruɓar da saiwarta. Idan kuma aka bar ta ta tashi yadda take so, sai ta miƙe zangarniya guda kamar gora, ganyen ya koma can sama inda hannu ba ya kaiwa, ƙasa kuwa sai kara tsirara.

Masana tsirrai suna kiran sa Moringa oleifera. Asalinsa daga arewacin Indiya ne, a gindin duwatsun Himalaya, kuma ya daɗe da zama ɗan gida a ƙasar Hausa har ya sami sunaye da yawa: zogale, zogala-gandi, bagaruwar Makka, a wasu sassan Nijar kuma tamakka. Danginsa kala 13 ne. Wanda ke bi masa a shahara shi ne Moringa stenopetala na kudancin Habasha da arewacin Kenya, mai manyan ganye da kaurin gindi. A Nijar, musamman kwarin Maraɗi da lambunan bakin kogi kusa da Yamai, gona guda ake yi da shi, a kai ganyen kasuwa buhu-buhu, cinikin kuma ya fi tashi a watan azumi.

Yana da kyau a san jikin bishiyar kafin a taɓa ta, domin kusan duk kuskuren da ake yi daga rashin sanin jikinta yake fitowa. Wanda aka shuka daga iri yana yin saiwa guda fara, mai kumburi kamar rogo, da ke nutsawa ƙasa kai tsaye. A nan yake ajiye ruwa da abinci, shi ya sa ko an sare shi ƙasa-ƙasa yake sake tofo, shi ya sa kuma ruwa mai yawa ke cutar da shi, don saiwar taushi gare ta. Itacensa garas-garas ne, ba nauyi. Ba ya yin azara, ba ya yin gawayin kirki, kuma reshensa na iya karyewa da yaro idan ya hau. In aka ji wa ɓawon rauni yakan fitar da ƙaro fari, wanda daga baya yake rikiɗa ya yi ja-ja. Abin da muke kira ganye ɗaya, a haƙiƙa babban ganye ne da ya rarrabu hawa uku, tsawonsa kan kai santimita 30 zuwa 60, ɗauke da 'yan ƙananan ganyayyaki masu kamar farcen yatsa. Furen fari ne mai ɗan ruwan madara, yana da ƙamshi, zuma na son sa ƙwarai. Kwanson dogo ne mai kusurwa uku. Idan ya bushe sai ya tsage gida uku, a sami iri wajen 15 zuwa 25 a ciki, kowanne da fukafukai uku masu kamar takarda.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar. Saboda kwansonsa da kuma sunan bagaruwar Makka, wasu na ɗauka zogale ɗan uwan wake ne ko gawo, wato yana ƙara wa ƙasa ƙarfi da kansa. Ba ya cikin wannan dangi, kuma ba ya tara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Duk buhun ganyen da aka cire, ƙarfin ƙasa aka kwashe, sai an mayar mata da taki.

Wuri da shuka

A zaɓi jigawa ko ƙasa mai yashi-yashi wadda ruwa ke wucewa, a fili inda rana ke dukan sa tun safe. A ƙarƙashin inuwar mangwaro ko dalbejiya zai yi tsawo siriri, ganyen ya yi ƙaranci. In ƙasar laka ce, ko fadama ce da ruwa ke tsayawa da damina, sai a tayar da kunya mai tudu, aƙalla santimita 30, a shuka a samanta. Ga gwaji mai sauƙi: a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a cika shi da ruwa da yamma. Idan gari ya waye da sauran ruwa kwance a ciki, wurin bai dace ba sai da kunya. A cikin gida kuma a nisanta shi daga bakin kwata da wurin wanke-wanke.

Ramin kowace bishiya ya kai santimita 30 zuwa 50 a zurfi da faɗi. A gauraya ƙasar saman ramin da ruɓaɓɓen takin gargajiya kamar kilo 5, wato wajen bokitin fenti ƙarami biyu, a mayar, a zuba ruwa, a bar shi kwana biyu ko uku ya zauna. Taki ɗanye, musamman kashin kaji, yana ƙona jaririyar saiwa, sannan ɓurɓushin kara da bai ruɓe ba gayyatar gara yake yi.

Iri kuwa a ɗebo shi daga kwanson da ya bushe a kan bishiya ya yi ruwan ƙasa. A ware masu nauyi, baƙi-baƙi, a zubar da farare da waɗanda suka motse. Irin zogale ba ya da dogon rai: wanda ya wuce shekara a ajiye, musamman a ɗaki mai zafi, rabinsa ba zai fito ba. Kafin a sayi mai yawa a gwada guda 20 a cikin tsumma mai danshi na mako guda; in ƙasa da 15 suka tsaga, a nemi wani. A jiƙa shi dare ɗaya kawai, a shuka da safe, biyu a rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, wato santimita 2. Zurfafawa na daga cikin manyan dalilan da ke hana shi fitowa. Cikin kwana 5 zuwa 12 zai ɓullo. Idan tsiron ya kai tsawon tafin hannu a cire mai rauni a bar ɗaya. A yanke shi da reza daga ƙasa, kada a tuge, don kar a girgiza saiwar ɗan uwansa.

Shuka kai tsaye ta fi dashe, saboda saiwar ba ta son taɓi. Wanda ya ga dole sai ya rena a leda, ya haɗa ƙasa kashi uku da yashi kashi ɗaya, ya huda ledar sosai, ya dasa a sati 4 zuwa 6 kafin saiwar ta nannaɗe a ƙasan ledar. A tsaga ledar da wuƙa, a sa dunƙulen ƙasar yadda yake, da yamma. Lokacin da ya fi shi ne farkon damina bayan ruwa ya zauna, ko kuma bayan sanyi ya wuce ga mai ban ruwa. Iri da aka shuka a tsakiyar hunturu yakan yi nawar fitowa, wanda aka shuka a watan Agusta kuma ruwa kan kashe shi yana ƙarami.

Ana kuma dasa reshe, kuma shi aka fi yi wajen danga. A sari reshe mai ƙwari daga bishiyar da ta haura shekara, tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kauri kamar ƙotar fartanya. A jingine shi a inuwa kwana uku bakin saran ya bushe, sannan a binne kashi ɗaya cikin uku, a danne ƙasar, a ɗan yi mata tudu don kada ruwa ya taru a jikinsa. Yana saurin ba da ganye, kuma zai gaji halin uwarsa sak. Aibinsa shi ne ba ya yin doguwar saiwar nan, don haka iskar farkon damina kan kayar da shi, fari kan fi taɓa shi, gara kuma ta fi samun ƙofar shiga.

Tazara ta danganta da abin da ake nema. Mai son iri da kwanso ya bar mita 3 ko'ina. Mai son ganye don gida da kasuwa ya bar mita ɗaya tsakanin layi, rabin mita tsakanin bishiya. Akwai kuma shukar cunkoso, santimita 20 ko'ina, inda fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10 ke ɗaukar tsiro 250. Wannan yana ba da ganye da yawa a ƙaramin wuri, amma yana cin taki da ruwa, kuma wasu tsiron kan mutu bayan kowane yanka. Ga mai farawa, tazarar tsakiya ta fi kwanciyar hankali. Wanda ya ci karo da irin da ake kira PKM-1, wanda jami'ar aikin gona ta jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya ta fitar a 1989, ya sani cewa don dogon kwanso da saurin fure aka zaɓo shi, ko da yake yana ba da ganye mai kyau in ana datse shi.

Ban ruwa: a wata biyun farko a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kullum ko bayan kwana biyu, gwargwadon yadda ƙasar ke bushewa. A tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi a gaɓa ta biyu, a ƙyale shi. Tsiron da aka ga ya lanƙwashe daga wuya, wurin ya yi siriri ya yi baƙi, ruwa ne ya yi masa yawa. Babbar bishiya ba ta mutuwa don rashin ban ruwa, sai dai ta zubar da ganye da rani. Mai son ganye duk shekara ya ba ta sau ɗaya ko biyu a mako.

Datsa

A nan ne amfanin yake, kuma a nan ne hannu ya fi yin sanyi. Zogale na iya kai mita 3 zuwa 4 a shekarar farko, ya kai mita 10 in an bar shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: da zarar ya kai santimita 60, wajen gwiwar babban mutum ko sama kaɗan, a tsinke kansa da farce, kamar santimita 10 daga sama. Cikin mako guda rassa za su fito ta gefe. Idan waɗannan suka kai santimita 20, a rage kowanne zuwa rabi. Su ma za su haifi wasu, a sake yi musu haka. Sau uku ko huɗu kafin ya fara fure ya wadatar. Bishiyar da aka yi wa haka takan yi gajeriya, ta buɗe kamar laima, mace na tsaye a ƙasa za ta cika kwando ba tare da ƙugiya ba.

Tsohuwar bishiya da ta riga ta zarce ba ta ɓaci ba. A sare ta a tsawon mita ɗaya daga ƙasa, a farkon damina, da adda mai kaifi, saran ya zama a karkace domin ruwan sama ya zirare. Sara a kwance yana riƙe ruwa, kututturen ya ruɓe daga sama. Bayan sati biyu ko uku tofo zai fito da yawa. A bar huɗu ko biyar masu ƙarfi da ke kallon ɓangarori daban-daban, a cire sauran. A maimaita wannan duk shekara, a bi shi da taki. Mai noman ganye ya riƙa cire fure, don bishiyar da ta ɗauki 'ya'ya takan rage ganye. A ware bishiya biyu ko uku a gefen gona a bar su don iri. Daga fure zuwa bushewar kwanso wajen wata uku ne. A shukar cunkoso kuwa, ana yanke duka a tsawon santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa, duk bayan kwana 35 zuwa 45 in akwai ruwa da taki.

Babban abokin gaba na farko akuya ce. Tsiron da ba a killace ba ba ya kwana biyu, kuma akuya har ɓawon babba take gwaguya. In ta zagaye gindin da ci, abin da ke sama ya mutu. Sai gara, wadda ta fi kama reshen da aka dasa da bishiyar da ƙishirwa ta raunana. Tokar murhu da dakakken ganye ko 'ya'yan dalbejiya a gindin suna rage ta. Sai wata ƙaramar tsutsa koriya, Noorda blitealis, mai saƙa zare tana haɗe ganye tana kankare shi har ya zama kamar raga. Tana iya tsiraita lambu cikin 'yan kwanaki, don haka a riƙa duba ƙarƙashin sabon tofo sau biyu a mako. In ta yi yawa, a datse rassan duka a ƙone, sabon ganye zai fito da tsabta. In da sauƙi, a daka busassun 'ya'yan dalbejiya giram 500, a jiƙa a lita 10 na ruwa dare ɗaya, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye, a fesa da yamma, a jira mako guda kafin a ɗiba. Maganin ƙwari na auduga ko na wake bai kamata ya kusanci ganyen da za a ci nan da kwana kaɗan ba. Wannan amana ce a wuyan mai lambu, don mai saye ba ya gani. Ganye in ya yi rawaya, a duba lokaci da ƙasa: da hunturu al'adarsa ce, da damina yawanci ruwa ne ya kwanta, in kuma tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara bayan an sha yanka, yunwar taki ce.

Ganye: ɗiba, shanya, dahuwa

A ɗebi ganye da sassafe bayan raɓa ta bushe, ko da yamma lis. Kada a danna shi a buhun leda. Cikin 'yan sa'o'i zai ɗau zafi, ya yi rawaya, ya fara zubewa da wari. A wanke shi tun yana jikin sandarsa, ya fi sauƙi, cikin ruwa mai tsabta, sannan a tsoma shi minti 3 zuwa 5 a ruwan gishiri, giram 10 a kowace lita, a ɗauraye, a rataye ya tsane. Daga nan a zage shi, a tsince 'yan sandunan, domin su ne ke sa gari ya yi tsaki-tsaki.

Shanya a rana tana ƙone launi, tana lalata sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. A shimfiɗa shi siriri a kan raga ko gidan sauro mai tsabta da aka ɗaura sama da ƙasa, a ɗaki mai iska, a riƙa juyawa sau biyu a yini. Da rani kwana 2 zuwa 3 ya isa, da hunturu sai a rufe da yadi mara nauyi saboda ƙura. Damina ce mai wuya: in ya wuce kwana huɗu bai bushe ba, funfuna na iya kama shi, kuma ganyen da ya yi baƙi ko warin ruma zubarwa ake yi. Mai na'urar busarwa kada ya wuce zafin digiri 50. Alamar bushewa ita ce a murza shi a tafin hannu ya ruguje nan take. Kilo ɗaya na zagaggen ganye yana ba da giram 200 zuwa 250 busasshe. A daka, a tankaɗe, a ɗan sake baza garin ya sha iska, a zuba a kwalba ko roba mai murfi da haske ba ya shiga. Gari mai kyau kore shar yake. In ya koma ruwan ƙasa ƙarfinsa ya tafi. Wata shida ne iyakar ajiyar da ta dace.

Busasshen ganyen kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, kuma yana da kalsiyam da sinadarin ƙarfe. Sai dai jiki ba ya iya tsotse duka, kuma yawancin bitamin C yana tafiya wajen shanya. Lissafin da ake yawo da shi na cewa ya ninka madara ko lemo sau kaza, sau da yawa busasshen ganye ake gwadawa da ɗanyen abinci, alhali cokali ɗaya ko biyu mutum ke ci a yini. Cokalin cin abinci cike da gari wajen giram 8 ne. A fara da ƙaramin cokali, don yana sakin ciki ga wanda bai saba ba. A barbaɗa shi a kunu, fate ko miya bayan an sauke daga wuta.

Wajen kwaɗo, a bar ruwa ya tafasa tukuna, ruwan kuma kaɗan, sannan a zuba ganye, a rufe, minti 10 ya isa ga ganye matashi. Kanwa tana sa ya yi laushi da wuri amma tana kashe bitamin, a bar ta. Ruwan dahuwar a juye shi a miya. A matse ganyen sama-sama, a haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, attaruhu, gishiri da cokali biyu na man gyaɗa. Man yana taimaka wa jiki ɗaukar bitamin A, matsin lemon tsami kuma yana taimakawa wajen ƙarfen, shayi a kan abincin yana rage shi. Haka ake sa shi a dambu da miyar gyaɗa. Ɗanyen kwanso ma abinci ne, a Indiya shi suka fi ci: a tsinke shi tun yana siriri yana karyewa ƙas, a yayyanka a dafa kamar ɗanyen wake.

Saiwa da ɓawonta dabam suke da ganye. Suna ɗauke da sinadarai masu guba, kuma an san su da motsa mahaifa, don haka mai juna biyu ta nisance su ɗungurungum, kowa ma ya bar jiƙa su yana sha. Mai ciwon suga ko hawan jini ya ci ganyen a matsayin abinci, ya sanar da likitansa in zai riƙa shan garin kullum, kuma kada ya ajiye maganinsa saboda zogale.

Iri: tace ruwa da mai

Matan karkara a Sudan sun daɗe suna kwantar da ruwan kogin Nilu da irin zogale. A cikin ƙwayar akwai wani furotin da ke manne wa ƙurar laka, ya dunƙule ta ta yi nauyi ta nutse, kamar yadda alif ke yi. A ɓare busasshen iri a fitar da farar ƙwayar, a daka lukui, a tankaɗe. Ga jarka mai lita 20, ƙwaya 10 ta isa in ruwan bai yi kauri ba, 20 in ya yi jajir, ruwan kududdufi kuma har 40. A zuba garin a ƙaramar kwalba da kofi ɗaya na ruwa mai kyau, a girgiza minti 5, a tace da ƙyalle cikin ruwan da aka juye a bokiti. A motsa da ƙarfi minti 2, sannan a hankali minti 10. Wannan juyawa a hankali ita ce ke haɗa dunƙulen, kuma ita aka fi tsallakewa. A bar shi sa'a ɗaya zuwa biyu ba taɓawa, a tsiyaye na sama.

In ruwan ya ƙi kwanciya, ko irin ya tsufa, ko bai daku ba, ko an yi gaggawar motsi. In gari ya yi yawa, ruwan kan yi fari-fari da ɗanɗano. Ruwan da ya yi garau ta wannan hanya bai gama tsarkaka daga ƙwayoyin cuta ba, sai an tafasa ko an sa maganin kulorin, kuma a sha shi a ranar, domin ragowar garin abinci ne ga ƙwayoyin cuta in ya kwana. Haɗin kwalbar ma kullum sabo ake yi.

Ƙwayar tana da mai kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari, mai ruwan zinariya da ba ya saurin yin ɗaci, wanda masu gyaran agogo a Turai suka yi amfani da shi a da, yanzu kuma kamfanonin man shafawa ke nema. A gida ana ɗan soya ƙwayar sama-sama, a niƙa, a murza da ruwan zafi kaɗan-kaɗan kamar yadda ake matsar gyaɗa, ko a tafasa niƙan a kwashe man da ya taso, a sake ɗora shi a wuta marar ƙarfi har sauran ruwan ya ƙone. Abin da hannu ke fitarwa bai kai na injin matsa ba. Tunkuzar da ta rage tana da ɗaci, ba a yin ƙuli-ƙuli da ita. Wadda aka matse a inji ba tare da zafi ba tana riƙe da furotin ɗin da ke kwantar da laka, sai a shanya ta a inuwa a daka don tace ruwa. Wadda aka tafasa kuma a zuba ta a ramin taki, a mayar gindin bishiyoyin bayan saran farkon damina.